Yadda Na Toshe Ubangidana

Samari kan zo rumfata a kasuwar Zuba su ce, "Oga Isiya, a koya mana kasuwancin nan na waya." A ganinsu hoto kawai za ka ɗauka, ka ɗora a manhajar saye da sayarwa, ka jingina da buhu kana jiran ciniki. Idan wani ya kawo raini ka danna masa bulok, wato ka toshe shi, ya daina ganinka ka daina ganinsa. Wannan dannawar ita ta fi burge su, kuma a kanta suka fi tambayata: wa ake toshewa, kuma yaushe? Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a firamare na tsaya. Abin da na sani shi zan rubuta, har da inda na yi ba daidai ba.

Kayan marmari nake sayarwa. Lemo daga Binuwai, abarba da ayaba daga kudu, kankana daga arewa, mangwaro idan lokacinsa ya yi. Masu saye a wurina yawancinsu ma'aikatan gwamnati ne na cikin gari, waɗanda ba za su shiga cunkoson hanyar Kaduna saboda kwandon lemo ba. Su zaɓa a waya, ni in ɗaure a kwali, direba ya kai. Kayan aikina ba su da yawa: waya mai ɗaukar hoto da kyau, batirin ajiya saboda wuta ba ta da tabbas, faifai da farin ƙyalle na shimfiɗa kaya a yi hoto, kwalaye, tsohuwar jarida ta naɗe gwanda, igiya da wuƙa. Amma babban kayan aiki shi ne hanci da tafin hannu. Mai saye a kasuwa shi yake taɓawa ya sansana. Mai saye a waya kuwa, kai ne hancinsa, kai ne hannunsa. Kuma ba abin da ya nuna yanzu za ka zaɓa masa ba, sai wanda zai nuna daidai lokacin da zai buɗe kwalin, bayan ya sha zafi a bayan mota. Wannan babu hoton da zai koya maka.

Akwai wata kankana da na ɗaure wa wani mutum a Jabi, ya ce suna ake yi a gidansa, a kawo zai biya hannu da hannu. Na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, ina ƙwanƙwasawa da bayan yatsa ina sauraron amon. Yohanna, direban da ke kai mini kaya, ɗan Gbagyi ne daga Kuje, ya isa tashar Jabi, mutumin ya kashe waya. Kankana ta yini a rana. Da yamma ya kunna wayar ya ce a yi haƙuri, taro ya shiga. Na yi haƙuri. Ya sake yin oda, ya sake kashe waya. Na toshe shi, kuma ban taɓa waiwayarsa ba. Haka na yi wa masu turo alat na bogi, su nuna maka kuɗi sun shigo alhali babu ko sisi. Haka na yi wa wani da ya zagi Yohanna har uwa don kawai cunkoso ya riƙe shi. Irin waɗannan ba sa buƙatar dogon tunani. Wanda ya cuce ka da gangan, ko ya ci mutuncin mai yi maka aiki, ka rufe ƙofarka.

Sai kuma wata gwanda da na sayar wa Hajiya Bilki, babbar ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya. Ta kira ni ta bidiyo. "Juya mini ita. A'a, ba wannan ba, ta bayanta. Malam, wannan baƙin tabon mene ne? Kai ta inda haske yake." Sai da datata ta ƙare a kan gwanda guda. Da samarin yanzu ne, tun ranar sun toshe ta. Amma Hajiya ba ta taɓa kashe wa direba waya ba, kuma daga baya kusan duk matan ofishinsu ta kawo mini. Mai yawan tambaya ba mugu ba ne, wanda aka taɓa cuta ne. Kuma irinmu ne muka cuce shi. Ni kaina a farkon farawata nakan ɗauki hoton kayan saman kwando, in ɗaure na tsakiya. Allah Ya yafe mini.

Da a ce masu saye kashi biyun nan ne kawai, da sana'ar ta yi sauƙi. Akwai na uku, wanda ba wanda ya taɓa ba ni labarinsa.

Ina saurayi na zo Zuba ina sauke lodi daga manyan motoci. Wani dattijo mai sayar da abarba, Baba Ɗanlami, ya ga yadda nake ajiye kaya a hankali ba na jifa, ya ce in dawo rumfarsa. Shi ya koya mini jan ganyen tsakiya na kan abarba, in ya fita da sauƙi ta nuna. Shi ya koya mini sansana gindinta, da yadda ake gane lemon da ya kwana a ƙasan mota. A duk shekarun da na yi a hannunsa bai taɓa ce mini na kyauta ba. Idan na ware kaya daidai, sai ya dubi tarin ya ce, "Ka ɓata mini lokaci." Idan na yi kuskure kuwa, har masu ayaba na can ƙarshen layi sai sun ji.

Akwai wata al'ada a kasuwarmu da ya kamata ku sani. Ko an sallame ka ka buɗe rumfarka, ubangidanka yana da ikon ya zo a gaban masu saye, ya ɗaga kayanka ya kushe. Baba yakan zo da sandarsa ya tsaya a kaina, ya ɗauki abarba ya ce wa mai saye, "Hajiya, kar ki ɗauki wannan, yaron nan har yau hancinsa a toshe yake." Sai a yi dariya. Ba mai gudu. Suna ganin furfurarsa, suna ganin na rusuna na ce, "A yi haƙuri, Baba." Sai ma su ƙara yarda da ni, don sun ga akwai babba a kaina. Ranar da Baba ya zo ya kushe ni, ranar nake fin yin ciniki.

Da ciwon gwiwa ya kama shi, ya bar kasuwa ya koma Kuje wurin 'yarsa Rakiya. A lokacin ni na riga na koma sayarwa a waya. Rakiya ta ga zaman ya ishe shi, ta saya masa waya, ta buɗe masa manhajar don ya riƙa ganin kayana. Baba ya yi ajin yaƙi da jahilci a ƙuruciyarsa, yana rubutu da manyan baƙaƙe. Wata safiya na ɗora hoton abarba, sai ga sharhi a ƙarƙashi, inda kowa ke gani: "TA HAGU TA SHA RANA. KUNYA." Na yi dariya har na nuna wa maƙwabta. Kuma gaskiyarsa ce, ta hagun ta sha rana.

Daga nan ba hoton da zan ɗora bai yi magana ba. "LEMON NAN YA KWANA." "MANGWARON NAN BA BINTA SUGA BA NE, KA JI TSORON ALLAH." Sai ya fara yin oda duk mako, ɗan kwali ƙarami, Yohanna ya sauke masa in zai koma gida. Ba ya yarda in ba shi kyauta, yana biya kamar kowa. To, a manhajar, duk wanda ya saya ana tambayarsa ya ba mai kaya taurari, ɗaya zuwa biyar. Masu taurari da yawa su ake nunawa a sama, marasa su a tura su ƙasa inda ba mai zuwa. Baba duk mako tauraro ɗaya yake ba ni.

A waya ba mai ganin furfura. Ba mai ganin sandarsa, ba mai ganin na rusuna. Abin da baƙo yake gani kawai, ga wani mai saye na kullum yana cewa kayan mutumin nan ruɓaɓɓu ne.

A shekarun da kasuwa ke tafiya na iya ɗauka. Sai shekarar da man fetur ya yi tsada ta zo. Motocin kudu suka ragu, wadda ta zo ma ta daɗe a hanya, rabin kayan ya lalace. Ma'aikata suka rage saye, wanda ke ɗaukar kwali biyu ya koma ɗaya. Masu sayarwa kuma suka ƙaru, don duk wanda aikinsa ya tsaya sai ya faɗo waya. Sunana ya gangara ƙasa. Akwai ranakun da zan shimfiɗa ƙyalle in yi hoto, har la'asar wayar ba ta yi ƙara ba, da yamma in kwashe ayabar da ta yi baƙi in bai wa masu awaki. A wannan lokacin Hajiya Bilki ta kira ni.

"Malam Isiya, wai wane ne wannan mai rubutu da manyan baƙaƙen? Na tura wa wata ƙawata shafinka, ta ce ba za ta sayi guba ba."

"Ubangidana ne, Hajiya. Shi ya koya mini sana'ar."

"To ai gara maƙiyi. Maƙiyi an san ƙarya yake yi. Ka yi wani abu, ni na gaji da kare ka a ofis."

Na sayi goro na tafi Kuje. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, gilashi a hanci, wayar a hannu. Muka gaisa, na tambayi gwiwa, na yi ta kewaye. Sannan na ce, "Baba, taurarin nan. In da hali a riƙa ƙarawa."

"Nawa kake so?"

"Biyar ake bayarwa, Baba."

"Biyar! Kai ne ka halicci abarbar?"

"Ba haka ba ne. Mutane ne suke gani su gudu."

"Da a kasuwa sun gudu? A gabansu nake faɗa maka, ba ka fi ciniki ba?"

"Nan ba su san kai ne ba."

"To ka gaya musu mana. Kai Isiya, yaushe ka fara roƙon yabo? Da ɗan wani ne kai, sai in ce madalla in wuce abina. Ni ba na yabon nawa. Yabo yana kumbura kai, yana jawo baki."

Na ce ko sharhin ne ya riƙa turo mini ni kaɗai, ba a bainar jama'a ba. Ya ce faɗan da aka yi a ɓoye ba ya shiga kunne. Ya kira Rakiya ta kawo mini kunu, magana ta ƙare. Na bi shawararsa ma, na rubuta a ƙarƙashin sharhinsa cewa wannan ubangidana ne, wasa muke yi. Ya amsa: "BA WASA BA NE."

Ranar da na toshe shi mangwaro na ɗora, mai kyau ƙwarai, na zaɓe shi da hannuna tun motar ba ta gama tsayawa ba. Wata mata ta tambaya a ƙarƙashin hoton ko za a kai mata kwali uku Jabi. Kafin in amsa, Baba ya riga ni: "KAR KI SAYA YAU, KI BARI SAI JIBI." Nufinsa jibi zai fi zaƙi. Matar ba ta sake magana ba. Ina tsaye a tsakiyar kwanduna na danna sunansa. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Ga gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba: abin ya yi aiki. Sharhi ya tsaya, tauraro ɗayan nan na mako-mako ya tsaya, sunana ya fara hawa. Ƙawar Hajiya ta saya. Kafin damina ta ƙare na koma ɗaure kwalaye har hannuna ya yi kanta. Na ce a raina zan je Kuje in yi masa bayani idan na samu sarari. Sararin bai samu ba, don ban neme shi ba.

Abin da ban sani ba shi ne yadda abin yake a wayar wanda aka toshe. Ba a gaya masa an toshe shi. Shafin ne kawai yake ɓacewa, kamar ba a taɓa yin sa ba. Baba ya nema bai gani ba. Rakiya ta gane, amma ta kasa faɗa masa. Yohanna ma ya sani, ya ce mini da Hausarsa mai mayar da namiji mace, "Oga, tsohon nan ta hana ni sakat, kullum sai ta tare ni a hanya tana tambaya." Na ce ya ce masa lafiya lau nake. Shi kuwa Baba ya san shekarar da ake ciki, ya san yadda rumfuna ke rufewa. Sai ya yanke a ransa cewa karyewa na yi, kunya ta hana ni faɗa.

Wata safiya ina tsugune ina naɗe gwanda a jarida, sai na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ne, Yohanna na riƙe da hannunsa, a ɗaya hannun Yohanna kuma jakar kayan sawa. Baba ya sa tsohuwar rigarsa ta kasuwa, wuƙarsa a aljihu.

"Tashi ka ba ni benci," ya ce. "Kowa yana faɗuwa, ni ma na faɗi sau biyu. Ba abin ɓuya ba ne. Na zo in zauna in riƙa ware maka kaya har ka miƙe. A masallacin kasuwa zan riƙa kwana, na saba."

Ya zauna yana haki. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rumfar. Kwalaye ne jere har rufi, kowanne an ɗaure, an rubuta unguwar da za shi. Ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan na wa?"

"Nawa ne, Baba."

"Duka an saya?"

"An saya."

"To ina shagon wayar ya shiga?"

Yohanna ya ajiye jakar ya ce zai je ya duba taya. Na ce, "Yana nan, Baba. Kai ne ba ka ganinsa. Rufewa na yi."

"Ana iya rufe wa mutum ɗaya?"

"Ana iyawa."

"Ni kaɗai ka rufe wa?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma sai na ga kamar zai ji sanyi idan ya san ba shi kaɗai ba ne. Na ce, "A'a, akwai wasu."

"Su wa?"

"Masu alat na bogi. Da wani da ya zagi direba."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya ɗauki abarba daga kwandon da ke kusa, ya juya ta, ya kai gindinta hanci. Na tsaya ina jira. Ya mayar da ita inda take a hankali, bai ce komai a kanta ba.

"Allah Ya ƙara kasuwa," ya ce. "Kira mini Yohanna."

Na roƙe shi ya tsaya ya ci abinci. Ya ce ya ci. A gabansa na ciro wayar na cire toshiyar, na nuna masa a tasa wayar ga shafin ya dawo. Ya duba ya ce, "Na gani." Na ɗauki jakarsa na raka shi mota, masu rumfuna suna ta fitowa suna gaishe shi, yana amsawa da fara'a, yana tsokanar wannan yana kushe lemon wancan. Ni kaɗai ya bari.

Idan kun tambaye ni ko toshewar kuskure ce, har yau ban iya cewa e ba. Ina da iyali, kuma rumfar tana nitsewa. Wanda yake kashe maka kasuwa, ko da ƙauna yake yi, akwai ranar da dole ka tsayar da shi. Laifina shi ne na bar waya ta yi abin da ƙafata da bakina ya kamata su yi. Baƙon da ya cuce ka, danna masa ka wuce. Amma wanda ka san ƙofar gidansa, wanda ka ci tuwonsa, ka je ka zauna a tabarmarsa ka ce, "Zan rufe, ga dalilina." Ya yi fushi a gabanka. Kar ka bar shi yana laluben shafinka yana zaton ka karye.

Bayan wasu makonni odarsa ta dawo, ɗan kwalin nan nasa. Na ɗaure da kaina. Da yamma wayar ta nuna mini taurari biyar, babu sharhi. Mako na gaba ma biyar. Na je Kuje da goro ba sau ɗaya ba. Yana karɓata da kyau, yana kirana Alhaji kamar baƙo, yana sa a shimfiɗa mini sabuwar tabarma, yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya. Idan na kawo zancen kaya sai ya ce, "Ai kai ne a kasuwa, mu mun tsufa." Yanzu idan na ɗora hoto, nakan ga lemon da ya kwana a ciki bayan na riga na ɗora, kuma ba mai faɗa. Mutane sai dai su sa ɗan hoton wuta da na tafa hannu.

Makon jiya na yi abin da ban yi ba tun da na tuba daga ha'incin hoto. Na zaɓi abarba ɗanya shar, wadda ko ɗan koyo ba zai ɗauka ba, ganyenta ko an ja da ƙarfi ba ya fita. Na ɗora ta a saman kwalinsa, inda zai fara gani. Na ce wa Yohanna ya tsaya sai an buɗe a gabansa. Washegari na tare shi tun bai kashe mota ba.

"Ya buɗe?"

"Ta buɗe, Oga."

"Ya gani?"

"Ta ɗaga, ta juya, ta sansana. Har bakinta ya motsa."

"Me ya ce?"

"Ta ce a gaishe da Alhaji, kaya sun yi kyau."